Yadda Na Sauke Babanku Daga Kan Keke

Akwai wata magana da kuka mayar abin wasa a gidan nan, kuna tsammanin ba na ji. Idan ɗayanku ya ɗauko wani abu yana gab da kammalawa, wani ya zo zai tare shi, sai ya ce, "Kada ka yi min Ibadan." Da Sallar da ta wuce na ji yayanku ya faɗa wa matarsa a tsakar gida, kowa ya tuntsire da dariya, har da jikokin da ba su taɓa ganin kakansu a kan keke ba. Ina zaune a tabarma ina tsintar shinkafa, na yi kamar kunnena ya mutu. Kunnena lafiyarsa lau. Shekara da shekaru kuna riƙe da labarin cewa babanku ya tuƙo keke tun daga Zariya, saura yini guda ya isa bakin teku, uwarku ta fake da aikin asibiti ta sauke shi don tsabar son iko. To ga nawa labarin. A rubuce zan ba ku shi, don kada wani ya katse ni da cewa abin da ya wuce ya wuce.

Kun san babanku malamin labarin ƙasa ne. Ya ƙare ƙuruciyarsa a gaban allo yana zana wa 'ya'yan mutane teku da alli, yana yi musu bayanin igiyar ruwa kamar a can aka yanke masa cibiya, alhali ruwan da ya fi kowanne girma da ya taɓa gani shi ne kogin Kaduna. Da ya yi ritaya zaman gida ya ishe shi, ya ishe ni. Sai ya faɗa cikin wasu dattawa da matasa masu fita motsa jiki da kekuna ranar Asabar da safe, ƙarƙashin wani Injiniya Bala na Hanwa. Na yi murna, domin ko ba komai na samu sararin yin shara ba tare da wani ya nuna min inda na tsallake ba. Ban ankara ba sai ga magana ta girma, wai za su tuƙa daga Zariya har Legas, don su nuna wa mutane cewa tsufa ba ciwo ba ne. Tun kafin ya gaya min, ya riga ya gaya wa duk majalisarsu ta bakin titi. Ni a bakin mai kayan miya na fara ji.

Abokansa suka sa shi a gaba da tsiya.

"Malam, da girmanka? Legas fa aka ce, ba Samaru ba."

"Ku dai ku zuba ido," in ji shi. "Ko da rarrafe ne, sai tayar kekena ta taɓa ruwan gishiri. Wanda ya ga na dawo ban kai ba, ya cire min hula a tsakiyar Tudun Wada."

Irin wannan cika bakin ne ya ɗaure shi, ni kuma ya ɗaure ni a jikinsa. Tafiyar tana buƙatar ma'aikaciyar jinya da za ta bi su a mota, ga ni a gida na ajiye aiki, kowa a layinmu Sista yake ce min. Na ce ba inda za ni. Ya yi ta lallashi, ya turo min Injiniya da matarsa, har ya tuna min cewa tunda muka yi aure bai taɓa kai ni ko'ina ba in ban da gaisuwar mutuwa. Da wannan ya ci galaba a kaina, na ɗaure kayana.

Motar da aka ba mu tsohuwar doguwar bas ce da masu walda na Tudun Jukun suka cire wa kujeru suka mayar da ita ɗaki. Akwai gadaje na ƙarfe wani kan wani, da murhun gas da aka ɗaure a bango, da tankin ruwa, da ɗan firji, da wani lungu da labule da suke kira banɗaki don dai a mutunta shi. A samanta aka yi wurin ɗora kekuna. Tun ranar farko matasan suka raɗa mata suna Kunkuru, wai ta ɗauko gidanta a baya kuma ba ta sauri. Direbanta Malam Yohanna ne, mutumin Wusasa, dattijo marar yawan magana. Aikinmu shi ne mu bi bayan wanda yake ƙarshe, a irin gudun da keke yake yi, fitilu na ƙyaftawa, direbobin tirela suna danna mana hon suna zage mu tas idan sun zo wucewa. In rana ta kusa tsaka sai mu wuce gaba, mu nemi inuwa, in ɗora tukunya. Na koyi yanka albasa mota na tafiya. Na koyi ɗaure murfin tukunya da waya. Ni ce mai girki, ni ce mai wanki, ni ce mai wanke ciwo da naɗa bandeji, ni ce mai murza ƙafafun ƙarti idan jijiya ta ɗaure. Duk garin da muka shiga yara su bi kekuna da ihu, a yi ta ɗaukar hoto. Ku duba hotunan da kuka adana, in kun ga fiye da gefen mayafina ku zo ku nuna min.

Suna da wata doka da suka ƙirƙiro wa kansu, sai kun gane ta za ku gane sauran. Duk wanda ya sa ƙafa a cikin Kunkuru tafiyar ranar ba ta ƙare ba, ya fita daga tafiyar ke nan. Amma fita iri biyu ce. Idan Sista ce ta auna mutum ta ce lafiyarsa ba za ta ɗauka ba, sai a ɗora kekensa a saman mota a tsaye, ba wanda zai ce masa komai sai sannu. Idan kuwa shi da kansa ya sare, sai a kifa keken, tayoyi suna kallon sama, a bi gari gari da shi a haka kowa yana gani. Wani saurayi mai shagon magani, Nura, shi ya fara ɗanɗanawa a hawan duwatsun da ke bayan Lokoja. Ya sauka ya zauna a bakin hanya ya ce ko za a yanka shi ba zai ƙara taka feda ba. Aka kifa kekensa. Babu wanda ya kai babanku yi masa tsiya. Duk inda aka tsaya cin abinci sai ya ɗaga kai ya dubi saman mota ya ce, "Nura, jakinka har yanzu birgima yake yi?" Yaron ya ƙarasa tafiyar a gefena yana taya ni wanke kwanuka, kansa a ƙasa.

In faɗi gaskiya, babanku ya yi ƙoƙari. Kusan kullum shi ne na ƙarshe, saboda haka bayansa na yi ta kallo ta gilashin gaba tun daga Kaduna, rigar nan ta jiƙe sharkaf, ƙafafun nan sirara suna juyawa ba fashi. Na sha jin tausayinsa, na kuma sha jin alfahari da shi, ko da yake ban gaya masa ba don kada kansa ya ƙara girma.

Mun bar Ibadan da safe muka hau babban titin Legas. Wanda bai ga titin nan ba ba zai gane ba, manyan motoci ne bi da bi kamar an koro su. Da hantsi sauran sun yi mana nisa, daga mu sai babanku. Wata tankar mai ta zo wuce mu, wata motar ta matse ta, sai ta yanko gabanmu ta shafi gefen hanya daidai inda yake. Ba ta taɓa shi ba. Iskarta ce ta ɗauke shi da keken ta watsa cikin ciyawa. Na yi salati na diro kafin Malam Yohanna ya gama taka birki. Na same shi a zaune, hular kwanon da ke kansa ta karkace, idanunsa a waje. Na laluba shi daga kai har ƙafa, babu karaya, babu targaɗe, sai ɗan ƙujewa a gwiwar hannu. Na ɗauko abin awon jini na auna shi a inuwar mota, daga waje, don kada ya taka ciki doka ta hau kansa. Na bari ya huta na sake aunawa. Jininsa daidai, bugun zuciyarsa ya koma yadda yake. Malam Yohanna ya daidaita kan keken da ya ɗan karkace, ya juya tayoyi ya ce lafiya lau.

Babanku ya tashi ya kama keken. Ya ɗaga ƙafa zai haura, sai wata tirela ta wuce da ƙara, ƙafar ta dawo ƙasa. Ya sake gwadawa, ƙafar ta sake dawowa. Ya jingine shi ya dawo ya tsuguna kusa da ni. Akwai abin da na lura da shi a wandonsa, wanda daga baya na wanke ban nuna wa kowa ba.

"Binta," ya ce. Rabon da ya kira sunana tun kafin a haifi autarku. "Ba zan iya ba. Da na ji ƙarar mota a bayana sai in ga kamar tankar nan ce ta dawo."

Na ce ya huta ko awa nawa yake so. Na ce Malam Yohanna zai manne masa a baya yadda ko kaza ba za ta shiga tsakaninmu ba. Ya girgiza kai.

"Ba za ki gane ba. Ƙafar ce ta ƙi. Ki rufa min asiri, kada a kifa min keke. Da wane ido zan dubi yaron nan Nura? Da wane ido zan shiga Tudun Wada? Ki ce jinina ne ya hau, ki ce ke kika hana. Zan yi miki gardama a gabansu, kada ki saurare ni. Ki yi min alkawari maganar nan ba za ta fita daga bakinki ba sai ranar da ni na faɗe ta da kaina."

Mijina ne, uban 'ya'yana, a tsugune a bakin titin garin da ba mu san kowa ba, yana roƙona. Tunda na fara aiki ban taɓa faɗin awon da ba shi na gani ba. Ranar na ce to. Malam Yohanna yana tsaye a gaban mota yana goge gilashin da ba shi da datti, ya ji komai.

Na buga wa Injiniya waya, suka jira mu a wani gidan mai. Da muka isa na sanar da su cewa jinin Malam ya hau, na cire shi. Babanku ya fara gardamar da ya ce zai yi. Na zaci zai ɗan yi faɗa ne ya yi shiru. Ashe na raina shi. Ya buga hular kwano da ƙasa, ya rantse ƙarfinsa yanzu ya fara zuwa. Ya ce dama tun a gida ba na son tafiyar nan, ya ce baƙin ciki nake yi da sunan da zai samu. Har da hawaye. A gaban matasan tafiyar, sa'annin 'ya'yana, da ma'aikatan gidan mai da ba sa jin Hausa amma suna jin tsawa.

Injiniya ya ja ni gefe.

"Sista, ki dubi girman Allah. Yini guda ya rage. Ki sake auna shi a gabanmu mana, wataƙila ya sauka."

"Na auna na gama," na ce. "In ya faɗi a kan titi, kai za ka yi min takaba?"

Ya juya ya koma wurin sauran. Aka ɗora keken babanku a tsaye, kusa da na Nura da ke kife. Washegari da suka isa bakin teku suna ihu suna tura tayoyi cikin ruwa, babanku ya ja labule ya kwanta ya juya wa taga baya. Ni ma ban fita ba, don kada a ce na hana shi na je ina shaƙatawa. Ta tsagar labule na ga tekun, wani abu toka-toka mai faɗi, shi ke nan rabona da shi. A hanyar dawowa, da muka tsaya shan mai, Malam Yohanna ya ce min a hankali, "Sista, kayan nan da kika ɗauka, kin tabbata za a sauke miki?" Na ce mijina ne, ya san abin da na yi masa.

Na ɗauka idan mun dawo za a ce ciwo ne ya hana shi, a yi masa sannu, magana ta mutu. Kuma da haka ta fara. Sai yayanku, saboda kula da uba, ya kwashe shi ya kai wa likita. Aka auna, aka sake aunawa, aka yi hoton zuciya. Likita ya ce jinin saurayi gare shi, bai ga alamar ya taɓa hawa ba. Na tuna yadda kuka dawo gida kuka tsaya a ƙofar kicin kuna kallona. Daga ranar labarin ya rage hanya biyu, ko dai shi ya sare, ko ni na yi ƙarya don in hana shi. Na dubi babanku ina jira. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ku ƙyale ta, ta yi abin da take ganin daidai ne." Kuka ce kai, Baba akwai haƙuri.

Abin da ya biyo baya kun gani, sai dai ba ku lissafa shi a bakin komai ba. Matan layinmu da suke sallama da safe in auna musu jini suka ɗauke ƙafa ɗaya bayan ɗaya, na ji ana cewa awon Sista sai yadda ranta ya so. Ke Hadiza, da cikinki na fari ƙafafunki suka kumbura na ce zo in auna ki, kika ce, "Bari dai Mama, zan je asibiti." Kin faɗe ta da murmushi, amma na ji ta har ƙashina. Shi kuwa babanku labarin ya zame masa abin ado. Ba wanda ya cire masa hula, sai ma ƙara masa girma da aka yi. A majalisa, a wurin ɗaurin aure, a gaban surukai, sai an ce Malam ba mu labarin Legas. Kowace shekara ƙarfinsa a ranar yana ƙaruwa, tazarar da ta rage tana raguwa, har ta kai yana cewa yana jiyo ƙanshin teku na sauke shi. Tankar man kuwa ta ɓace daga labarin gaba ɗaya. In ya kai ƙarshe sai ya nuna ni da haɓa ya ce, "Ga gwamnatin da ta yi min juyin mulki nan." A yi dariya, ni kuma in kawo shayi.

Sau ɗaya na tare shi. Wata rana ce da azahar, kun fita duka, yana zaune yana jin rediyo. Na rage muryar rediyon na ce, "Malam, yau daga ni sai kai a gidan nan. Yaushe za ka gaya wa yaran nan abin da ya faru?"

Ya dube ni kamar na yi masa wani yare.

"Me ya faru kuma? Ba ke kika ce jinina ya hau ba?"

"Wa ya ce in faɗa?"

"Sista, ba na son tone-tone. Ni ban riƙe ki a zuciya ba, ke ma ki bar abin."

Ya mayar da muryar rediyonsa. Har yau ban sani ba, ko ya faɗi labarin ne har ya yarda da shi, ko kuwa ya sani sarai yana kallon idona. Na rasa wanne ya fi ciwo. Malam Yohanna ya taɓa zuwa gaishe mu da Kirsimeti ya kawo mana abinci, da zai tafi ya ce in na ba shi izini zai zaunar da yayanku. Na ce a'a, alkawari na ɗauka, mai maganar zai faɗa da bakinsa. Bayan shekara biyu aka aiko mana Malam Yohanna ya rasu. Na je Wusasa gaisuwa, na yi kukan da matarsa ta yi mamaki, ba ta san shaidata kaɗai aka binne ba.

Za ku ce me ya hana ni magana tuntuni. Ina jira ne. Na san babanku mai tsoron Allah ne, na san ba zai yarda ya tafi da hakkin mutum a wuyansa ba. Na gaya wa kaina cewa ko bai faɗa yana da ƙarfi ba, zai faɗa idan ya ga tafiya ta zo. Da wannan na yi ta haɗiye dariyarku. Da ya kwanta ciwon ajali ni na yi jinyarsa, na juya shi, na wanke shi, na ba shi abinci a baki, kuma ko sau ɗaya ban tuna masa ba, don ina so ta fito daga gare shi.

Kuna nan ranar, bayan la'asar, a ɗakinsa. Ya sa aka tara ku, ya nemi gafarar kowa ɗaya bayan ɗaya, har da maƙwabcin da suka yi rigimar kwata. Sannan ya ce in matso. Ya kama hannuna, muryarsa ta yi ƙasa har sai da kuka sunkuyo.

"Binta, maganar hanyar Legas."

Na ce a raina, alhamdu lillahi, yau za a sauke min. Na dube ku don in tabbata kowa yana ji.

"Na yafe miki," ya ce. "Duniya da lahira, na yafe miki."

Ɗakin ya ɗauki kabbara. Hadiza ta fashe da kuka ta rungume ni. Ni kuwa na sandare, hannuna a cikin nasa. Sai yayanku ya dafa kafaɗata, hawaye na zuba a fuskarsa, ya ce, "Mama, ba ki ji ba ne? Ya yafe miki. Ki ce wani abu mana."

Duk kuka zuba min ido kuna jira. Shi ma yana jira.

Na ce, "Na gode, Malam."

Ita ce magana ta ƙarshe da ya ji daga bakina.